Kogi Ya Dawo da Wata

A Iquitos, garin da sai jirgi ke kai ka,
ina da teburi mai ƙafa uku da rabi
da fayil guda da danshi ya ci gefensa.
Nilton Tapullima. Shekara takwas.
Yana tallan ƙanƙara mai zaƙi a tashar jiragen ruwa.
An tsinci akwatinsa a kan matakala,
murfi a rufe, kuɗi cif ba a taɓa ba,
ƙanƙarar ta narke ta koma jan ruwa.

Na tambayi mutum talatin da ɗaya.
Mai kifi ya ce ya gan shi da wani mai hula.
Mai gyaran inji ya ce ba hula, sanƙo ne.
Wata tsohuwa ta rantse dabbar ruwan nan ce mai fatar hoda,
wadda kan ja yara zuwa garinta na ƙasa.
Har nata na rubuta.

Mun kulle wani matuƙin kwalekwale kwana tara
don idonsa ba ya tsayawa wuri guda.
Ashe fetur ɗin sata yake ɓoyewa.
Har yau ba ya amsa gaisuwata,
kuma da gaskiyarsa.

Duk Alhamis uwar kan zo, Zoraida.
Kuka ya ƙare mata tun watan fari.
Takan ajiye mini soyayyar ayaba a ganye,
ta zauna, jaka a cinya,
ta ce, “Sufeto Eulalia, yau fa?”
In ce, “Muna kai.”
Kalma biyu, shekara uku ina tauna su
har sun daina ɗanɗano.

Bana kogi ya janye fiye da kima.
Laka ta tsage ta amayo abin da ta haɗiye:
tayoyi, kwalabe,
da buhun shinkafa ɗaure da wayar lantarki.
Da hannuna na kwance shi.
Ƙasusuwan ba su kai nauyin kaza ba.
Haƙorin gaba ya faɗi, sabo ya leƙo,
bai samu ya gama fitowa ba.

Na aika Lima. Mako shida
ina addu'ar da ban san inda ta dosa ba:
ya zama shi ne? Kada ya zama shi?

Takarda ta dawo da layi uku.
Yarinya ce.
Na kwana ina zazzage kabad har kyandir ya mutu.
Ba wanda ya taɓa zuwa cigiyarta.
Ga yaro da suna, babu gawa.
Ga gawa, babu mai kiran suna.

Alhamis na faɗa wa Zoraida a tsaye,
na kasa kallon ganyen ayabar.
Ta daɗe tana murza igiyar jakarta,
sannan ta ce, “Wa zai binne ta?”
Na ce hukuma, a ramin marasa dangi.
Ta ce, “A'a. Ina da fili kusa da mahaifiyata.
Nawa na saya wa. Ta riƙe masa tukuna.”

Mu huɗu muka raka ta, har da mai haƙa.
Aka yi ruwa. Nan kullum ana ruwa.
A jikin gicciyen katako Zoraida ta sa aka rubuta:
'Yar wata.

Na koma ofis na buɗe sabon fayil,
na bar gurbin suna fari tas.
Na sake ɗauko buhun. Tambarinsa ya koɗe,
amma ɗaurin wayar na wanda ya saba ne:
murɗi biyu, a lanƙwashe baki ciki
don kada ya soki yatsa.

Gobe da sassafe zan koma tasha.
Akwai mai gyaran injin da ya ce mini sanƙo ne.
Ina so ya maimaita mini, a hankali,
ina kallon hannunsa.